Kwamfuta A Hannun Ɗalibi: Shin Kwalliya Ta Biya Kuɗin Sabulu?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin mahukunta da 'yan kwangila, har ta fara tsallakowa cikin tarukanmu na marubuta, wai zamanin takarda ya wuce, abin da ya rage kawai shi ne a danƙa wa kowane yaro na'ura mai ƙwaƙwalwa, shi ke nan an gama da matsalar ilimi. Sau da yawa gwamna zai hau mulki, kafin ya cika kwana ɗari ka ga hotonsa a jarida yana miƙa wa wata yarinya kwamfuta, sauran yara sun yi sahu suna tafi. Mu kuwa da ya kamata mu riga kowa tambayar abin da yarinyar za ta karanta a cikin na'urar, mun zama 'yan amshin Shata. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu ɗauko shiri guda ɗaya wanda aka yi aka gama, ƙurarsa ta lafa, mu baje shi a faifai. Shirin kuwa shi ne wanda aka yi wa laƙabi da kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, wanda Nijeriya na cikin ƙasashen farko da aka gwada shi.

Mai shirin wani shehun malami ne ɗan Amurka, Nicholas Negroponte, na jami'ar MIT. A watan Janairun 2005, a taron attajirai da shugabanni da ake yi a garin Davos, ya shelanta cewa zai ƙera 'yar ƙaramar kwamfuta wadda kuɗinta ba zai wuce dala 100 ba, gwamnatocin ƙasashe matalauta su saya miliyan-miliyan su raba wa 'yan firamare, kowane yaro ya tafi da tasa gida. A watan Nuwamba na wannan shekara aka nuna samfurinta a Tunis, wajen wani taro na Majalisar Ɗinkin Duniya. Tana da mariƙi a gefe irin na injin taliya, wai a riƙa juyawa tana samun wuta a inda babu lantarki. Kofi Annan, Babban Sakataren Majalisar na lokacin, ya kama mariƙin zai gwada, sai ya ɓalle a hannunsa. Aka yi dariya aka wuce. Da na'urar ta fito sosai a ƙarshen 2007, daga masana'antar kamfanin Quanta na Taiwan, babu mariƙin a jikinta, kuɗinta kuma ya kai wajen dala 188.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ya fi damunmu shi ne aƙidar da aka ɗora shirin a kanta. Negroponte abokin aikin wani masani ne mai suna Seymour Papert, wanda ya yi imani cewa yaro ya fi koyo idan yana ƙera abu da hannunsa, kuma wai kwamfuta ita ce kayan ƙirar da ta fi kowace. Tun a 1982 su biyun suka gwada ajiye wa 'yan makaranta kwamfutocin Apple a Dakar ta ƙasar Senegal, abin bai yi tsawon rai ba. Maganar Papert akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli yaro yana haɗa motar kara ya san haka. Amma a hannun Negroponte sai ta rikiɗe ta koma cewa malami bai zama dole ba. A 2011 har cewa ya yi zai riƙa jefa na'urorin cikin ƙauyuka daga jirgi mai saukar ungulu, ya dawo bayan shekara ya ga ko yara sun koya wa kansu karatu. A 2012 kuwa aka kai kwalayen allunan kwamfuta wasu ƙauyuka biyu na Habasha aka ajiye, ba malami ba bayani, daga baya aka yi ta yayata cewa yaran sun buɗe kwali sun kunna, har sun gano yadda ake tayar da kyamarar da aka toshe. To, wa ya yi musun cewa yaro zai iya kunna na'ura? Ɗan shekara uku ma yana ɗauke wayar uwarsa ya nemo wasan da yake so. Karatu kuwa shi ne yaro ya haɗa baƙi da wasali ya fitar da kalma, ya haɗa kalma da kalma ya gane abin da aka ce, daga nan ya kai matsayin da zai iya cewa bai yarda da marubucin ba. Babu mai kaiwa nan sai wani babba ya zauna da shi, ko a makarantar allo ko a ta boko.

Bari mu dawo gida. A 2006, zamanin mulkin Obasanjo, aka yi ta yaɗa labarin cewa Nijeriya za ta sayi miliyan ɗaya. Na'urar ma kore da fari ce, sai ka ce an yanko ta daga tutarmu. A 2007 aka kai kimanin 300 makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja domin gwaji, aka girka janareta da faifan kama intanet daga tauraron ɗan'adam, 'yan jaridun duniya suka yi ta sintiri suna ɗaukar hoto. Yara sun yi murna, wannan ba a musu. Amma a watan Yulin shekarar Kamfanin Dillancin Labarai na Nijeriya ya ba da labarin cewa an tarar da hotunan batsa a cikin wasu na'urorin, sai a sannan aka tuna da sa musu takunkumi. Kafin shekara ta ƙare gwamnati ta sauya, ministan ilimi na gwamnatin 'Yar'aduwa, Igwe Aja-Nwachuku, ya shaida wa BBC cewa bai ga hikimar raba kwamfuta ga yaran da ba su da kujerar zama ko kayan makaranta ba. Miliyan ɗayan nan dai ba a saya ba har yau.

Mutane da yawa sun ga baiken ministan a lokacin, suka ce ba shi da hangen nesa. Mu dai a ganinmu lissafi yana bayansa. Dala 188 a canjin wancan lokaci ta haura naira 22,000, wato miliyan ɗaya za ta ci fiye da naira biliyan 22, ban da kuɗin mai, ban da gyara, ban da intanet. A wannan lokacin littafin hikaya na Hausa bai wuce naira ɗari ko ɗari da 'yan kai ba a kasuwa. Ke nan kuɗin na'ura ɗaya zai cika akwati da littattafai wajen 200, waɗanda aji guda zai shekara yana karɓa-karɓa, ba sa neman caji, in sun faɗi ƙasa a kaɗe ƙura a ci gaba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 40 a sakandare. Mu da muke shiga aji mun san ana tara fiye da ɗari a ɗaki ɗaya, wasu a kan taga. Wanda ya tsallake wannan ya tafi sayen kwamfuta, ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Yanzu sai mu duba ɓangaren da ba a cika faɗa ba, wato kamfanoni. Na'urar Negroponte ba ta amfani da ƙwaƙwalwar ciki ta kamfanin Intel, ta abokin hamayyarsa ce AMD. Manhajar da ke tafiyar da ita kuma ba Windows ta Microsoft ba ce, Linux ce wadda ake samu kyauta. Ashe idan shirin ya yi nasara, miliyoyin yara za su tashi ba su san kayan manyan kamfanonin nan biyu ba. Duk wanda ya san sana'ar ɗinki ya san cewa yaron da ya koyi aiki a kan keken Butterfly, ranar da aka yaye shi Butterfly zai nema. Nan da nan Intel ya fito da tasa 'yar kwamfutar mai suna Classmate, ya kai ta ƙaramar sakandare ta Jabi, a cikin Abujar dai. A watan Yulin 2007 ya shiga hukumar gudanarwar shirin Negroponte, a Janairun 2008 ya fice, kowa na zargin ɗan'uwansa. Ana cikin haka wani kamfanin Faransa mai suna Mandriva ya samu cinikin sa tasa manhajar Linux a cikin Classmate guda 17,000 da Nijeriya ta saya, kwatsam sai ya ji an ce da zarar kayan sun iso za a goge a sa Windows. Shugaban kamfanin ya rubuta wa shugaban Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa mai zafi a watan Oktoban 2007, duniya ta karanta. Mai karatu ya lura, duk wannan kokawa a kan 'ya'yanmu ake yin ta, kuma duk a kan wa zai sayar ne. Abin da yaron zai karanta bai taɓa zama abin faɗa a tsakaninsu ba.

Rigima ɗaya ce ta ɗan shafe mu kai tsaye. A Nuwamban 2007 wani kamfani na 'yan Nijeriya mai suna LANCOR ya kai shirin ƙara kotu a Legas yana neman diyyar dala miliyan 20, bisa zargin an kwaikwayi allon madannansa mai suna Konyin, wanda aka ƙera domin rubuta harsunanmu masu ɗige-ɗige da ƙugiya. Ba mu da ta cewa a kan wa ke da gaskiya, wannan aikin alƙali ne. Abin da ƙarar ta tuna mana shi ne tsohon ciwonmu na ɓ da ɗ da ƙ. Tun cikin shekarun 1930 aka tsayar da waɗannan haruffa masu ƙugiya a rubutun boko, maɗaba'ar Zariya ta yi ta buga littattafai da jarida da su ba tare da wata matsala ba. Da kwamfuta ta shigo shagunan buga takardu na Kano da Kaduna sai muka koma baya. Na'urar da aka ce ta fi keken rubutu wayo ba ta san ƙ ba. Masu haƙuri suka riƙa bin shafi da biro suna lanƙwasa haruffa ɗaya bayan ɗaya kafin a kai wajen ɗab'i, marasa haƙuri suka bar su haka nan. Sai ka karanta cewa kura ta tashi a filin sukuwa, ka rasa dabbar dawa ce ta shigo gari ko ƙura ake nufi. A rubuta an yi baki, ba ka sani ba ko baƙi ne suka sauka. Ɗaruruwan littattafai aka buga a haka, yaran da suka koyi karatu a cikinsu suka tashi suna ganin ƙugiya ado ce kawai. Kuma fa ba wata gwamnati ko wani babban kamfani ne ya fara share mana hawaye ba. Malamin jami'a ne a Kano, Abdalla Uba Adamu, ya zauna cikin shekarun 1990 ya tsara samfurin haruffa masu ƙugiya da za a iya sa wa kwamfuta. Yau ƙugiya tana cikin kusan kowace waya, amma a leƙa abin da muke rubutawa a Facebook da WhatsApp a gani, har da mu 'yan ƙungiya. Wannan kam ba laifin Intel ba ne.

To, a ƙasashen da suka sayi na'urar da gaske fa? Peru ta sayi fiye da 800,000. A 2012 Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a makarantu 319 na karkarar ƙasar, bayan wata 15 da rabon na'urorin. Yaran sun iya sarrafa kwamfuta, an ga ɗan ci gaba a gwajin kaifin tunani, amma a lissafi da harshe babu wani bambanci tsakaninsu da waɗanda ba a ba su ba. A 2023 hukumar UNESCO ta fitar da babban rahotonta kan fasaha a fannin ilimi, inda ta ce ƙwararan hujjoji na amfanin na'urori a aji ba su da yawa, kuma kaso mai tsoka na hujjojin da ake yawo da su daga wajen masu sayar da kayan suka fito. A wannan shekarar dai gwamnatin Suwidin, ƙasar da ba ta san ɗauke wuta ba, ta ware kuɗi masu yawa domin mayar da littattafan takarda cikin azuzuwa.

Kada a ɗauka muna cewa gwamnati ba ta da rawar takawa, ko kuma duk sabuwar na'ura abar gudu ce. Tarihin adabinmu ma zai ƙaryata mai faɗin haka. Injin ɗab'i shi ne kwamfutar zamaninsa, baƙo ne, Turawan mulki ne suka kawo shi, kuma ba don Allah suka kawo ba, sai don su samu ma'aikata masu karatu da hanyar isar da saƙonsu ga talakawa. Amma a dubi yadda aka bi. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zaga garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai, aka yi gasa, aka samu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Aka ɗauko Abubakar Imam daga aji a Katsina aka zaunar da shi a Zariya ya rubuta Magana Jari Ce. A Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito. Da aka zo Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950 aka kafa hukumar NORLA, ta buga ƙananan littattafai barkatai, larduna suka samu jaridunsu, Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a Zariya, domin wanda ya koyi karatu da daddare ya samu abin da zai karanta da safe kada ya manta. Mutanen nan, da duk manufarsu ta mulki, sun gane cewa inji ba ya koyar da kowa, sai an nemo marubuci an biya shi ya zuba masa abin da mutane ke marmarin karantawa da harshensu. Shekara kusan 90 ke nan, har gobe ana karanta Magana Jari Ce a makarantu. Kwamfutocin Galadima kuwa ko shekara 20 ba su cika ba, a nemo mana guda ɗaya mai numfashi.

Akwai darasi na biyu, shi kuma a gabanmu aka yi. Lokacin da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya ga littafin Hausa in ba na manhajar makaranta ba ne, sai matasa da matan aure suka ɗauki rubutunsu suka nufi shagunan kwamfuta, aka buga musu, suka kai ƙananan maɗaba'u, suka rarraba a kasuwa. Su Talatu Wada Ahmed da Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bala Anas Babinlata da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ba wanda ya raba musu na'ura a gaban 'yan jarida. Kowa na iya faɗin ra'ayinsa kan ingancin wasu daga littattafan wancan zamani, mu ma muna da namu, amma babu mai musun cewa mata da yawa sun dage sun koyi karatun boko ne saboda su daina jiran wani ya karanta musu. A nan kwamfuta ta yi wa karatun Hausa hidimar da ba ta yi ba a Galadima, saboda ta tarar da labari yana jiran ta, ta tarar da mai karatu da kuɗinsa a hannu.

Me hukuma ta yi da wannan gagarumar dama? A 2007, shekarar da ake raba kwamfuta a gefen Abuja, hukumar A Daidaita Sahu ta gwamnatin Kano ta shirya ƙona littattafan hikaya na Hausa da aka karɓe daga hannun ɗalibai a wata makarantar 'yan mata. A 2008 Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar, wadda aka kafa a 2001, ta nemi kowane marubuci ya yi rajista da ita, aka yi ta kai ruwa rana da ƙungiyoyin marubuta. Mu malamai ne, mun san akwai littattafan da ba su dace da jakar 'yar aji biyu ba, mun sha karɓewa. Amma wanda ya karɓe wa yaro abin karatu bai maye masa da wani ba, ya koya masa zaman banza ne. Ikon gwamnati a wannan fage ya fi bayyana a wuri biyu, wajen ba da kwangilar sayen kaya da wajen hani. Wajen da ya fi wuya kuma ya fi amfani, wato a sa gasa, a biya marubuci, a horar da edita, a cika ɗakin karatun makaranta, nan ne ake cewa babu kuɗi. Gwamnatin Osun ta ɗan gwada wani abu daban a 2013 da allunan da ta kira Opon Imo, inda aka zuba littattafan darasi da tsofaffin tambayoyin jarrabawa har da tarihi da karin maganar Yarabawa. Ko da shirin ya gamu da nasa cikas, aƙalla wani ya zauna ya yi tunanin abin da za a karanta kafin a raba.

Wani abin da ya kamata 'yan'uwa marubuta su sa a rai shi ne, duk karatun da ya koma cikin na'ura, makunninsa yana hannun wani. A watan Yulin 2009 kamfanin Amazon ya shiga na'urorin karatu na Kindle da ke hannun mutane, daga nesa, ya goge wasu littattafai biyu na George Orwell da suka riga suka saya, saboda wata taƙaddama ta haƙƙin mallaka. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda Bala Abdullahi Funtuwa ya fassara mana da sunan Gandun Dabbobi. A nan gida gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, ɗalibi da ɗan kasuwa da marubuci duk suka shiga duhu tare da ɓarayin daji. A ƙarshen Nuwamban 2023 kuma dandalin OkadaBooks, inda marubutanmu mata da yawa ke sayar da littattafansu, ya rufe. Mai ƙona littafin takarda sai ya bi jaka-jaka yana tarawa, ya nemo fetur, hayaƙi ya tashi kowa ya gani, kuma duk da haka wani kwafin yana ƙarƙashin katifa. Na cikin na'ura kuwa takarda ɗaya daga ofis ta isa.

Maganar ba ta tsaya a tarihi ba. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa a kan kwamfuta a 2013, daga 2015 ta zama dole ga kowa. A makarantar da muke koyarwa akwai ɗakin kwamfuta, an yi bikin buɗe shi da shinkafa da lemo, amma mafi yawan shekara a kulle yake, yau babu mai, gobe ana tsoron yara su lalata a tuhumi mai riƙe da makulli. Malamin darasin yana zana kwamfuta da alli a kan allo, yara su kwafa, su haddace sunayen sassanta. Akwai ɗalibanmu haziƙai da ranar jarrabawa ce ranar farko da suka kama linzamin kwamfuta, rabin lokacinsu ya tafi wajen neman inda kibiya ta ɓuya. Sai a ce sun faɗi, alhali ba iliminsu aka auna ba. Ita kanta na'urar ba ma'asumiya ba ce. A watan Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito yana hawaye ya amsa cewa tangarɗar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka sake musu zama. Ya kyauta da ya faɗi gaskiya. A wannan shekarar dai ma'aikatar ilimi ta tarayya ta bayyana nufinta na mayar da WAEC da NECO kan kwamfuta. Abin tambaya ga malaman Hausa shi ne, ranar da aka ce a rubuta insha'i a kan na'ura, da wane madanni yaro zai rubuta ƙ, tunda mai maki yana cire masa maki in ya bar ta ba ƙugiya? A Nuwamban 2025 kuma ministan ilimi ya sanar da soke manufar koyar da 'yan firamare da harshen uwa, wadda aka amince da ita a 2022 ba a ko gama tanadin littattafanta ba. Ke nan duk allon kwamfutar da za a raba nan gaba, ba mu da tabbacin za a nemi ko shafi ɗaya na Hausa a zuba a ciki, in ba mun tashi tsaye ba.

Tashi tsayen kuwa ba ya nufin rubuta takardar bayan taro. Idan wata gwamnati ta sake shelar rabon na'urori, ya kamata shugabannin ƙungiya su isa ofishin kwamishina kafin a sa hannu a kwangila, ɗauke da jerin littattafan da muka tace da kanmu, aji-aji, da farashin haƙƙin kowane marubuci a rubuce. Duk ɗan ƙungiyar da wani kamfani ya nemi littafinsa domin zubawa a manhaja, ya karanta yarjejeniya da kyau, ya ba da haya ta 'yan shekaru, kada ya sayar da gona ɗungurungum saboda kuɗin cefanen sati. Sannan akwai aikin da ba sai mun jira kowa ba. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya kai kwafi uku a ajiye, kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa kaiwa. Yawancin littattafan shekarun 1990 a faifan filofi aka adana su, shagunan da suka buga su sun rufe, faifan ya ci tsatsa, kwamfutar yau ma ba ta da ramin da za a zura shi. Jerin sunayen littattafan wancan zamani mafi cika da muke da shi, Graham Furniss ne da Malami Buba da wani abokin aikinsu suka tattara, aka buga a Jamus a 2004, littattafan kansu kuma aka taskace su a Landan. Akwai marubuta a cikin wannan ƙungiya da in ka tambaye su kwafin littafinsu na farko, sai dai su tura ka wajen masu sayar da tsofaffin littattafai a bakin kasuwa, ko Allah zai sa a dace.